Kafin Ƙwallo Ta Zo: Waiwaye Kan Motsa Jiki a Ƙasar Kankara, Faskari da Sabuwa

Ƙwallon ƙafa baƙuwa ce a kudancin Katsina. A yawancin ƙauyukan Kankara da Faskari da Sabuwa, kakannin samarin da ke buga ta yau sun girma har sun yi iyali ba su taɓa sa mata ƙafa ba. Amma ta zauna daram, har ta kai idan likita ya duba mutum ya ce masa ya riƙa motsa jiki, abin da ke fara faɗo masa a rai shi ne filin firamare da yara ashirin da biyu suna bin ƙwallo ɗaya. Wanda ba ya son hayaniyar fili, da wanda tun yana yaro ba a zaɓensa sai an rasa cikon ƙungiya, da matar aure, da magidancin da ya haura arba'in, duk sai su ɗauka ba da su ake ba. Wannan fahimta tana ci mana lafiya, kuma tarihin yankin kansa ya isa ya warware ta.

A zamanin da, shekarar manomi ce ke tsara wa jiki aikinsa. Da bazara a yi sharar gona, ruwa na sauka a ɗauki sungumi, sai noman fari, sai maimai, sai huɗa. Ƙasar wannan yanki ta fi ta arewacin Katsina nauyi da laka, shi ya sa ta karɓi dawa da auduga, shi ya sa kuma garmar hannu ke cin ƙarfin mai riƙe da ita. Da kaka a yanke dawa, a ɗaure dami, a ɗora a ka ko a bayan jaki zuwa rumbu. Bayan da layin dogo daga Zariya ya ratsa Funtuwa ya nufi Gusau da Ƙauran Namoda a ƙarshen shekarun 1920, auduga ta zama abin kuɗi, kuma kafin motoci su yawaita da ƙafa da jaki ake kai ta wurin awo.

Ko gayya, wadda ake tara jama'a a yi, ba wasan ƙungiya ba ce irin na yau. Babu abokan hamayya, babu wanda zai zarge ka da cewa kai ka jawo aka ci ku. Kowa da kunyarsa a gabansa. Makaɗin gangar noma yana biye yana zuga kowane saurayi da kirarinsa da na ubansa, saurayin kuma yana gasa da na kusa da shi da kuma gajiyar da ke cikin ƙugunsa. Wanda ya riga kai ƙarshen gona an gan shi, wanda ya zo daga baya ma ya ci tuwon gayya. Daga irin wannan fage ne sarautar Sarkin Noma ta samu darajarta.

Aikin mata bai gaza wannan ba, sai dai yawancinsa a cikin gida ake yinsa, ba mai yi masa kiɗa. Sussuka, surfe, daka, niƙa a kan dutse, jan guga daga rijiya mai zurfi, ɗauko itace. Su ne suka yi wa kansu kiɗan. Mata biyu ko uku a kan turmi ɗaya, taɓarya na tashi wata na sauka, mai gwaninta ta cilla tata sama ta tafa hannu ta cafe ba tare da lugude ya karye ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa ya ga wannan ya san akwai numfashi da ƙarfin kafaɗa da saiti a ciki. A gidajen Maguzawa da ke warwatse a ƙasar Kankara da Malumfashi kuwa, mata suna fita gona da fartanyarsu kamar maza. Ban kawo wannan don in yi masa ado ba. Wahala ce ta gaske, ta tanƙwara bayan tsofaffi da yawa tun kafin lokacinsu, kuma babu uwar da za ta so 'yarta ta koma niƙa a dutse. Abin lura kawai shi ne, a wancan zamani ba a ware wa jiki lokacin motsi, domin rayuwar ce gaba ɗaya motsi.

Idan amfanin gona ya shiga rumbu, sai ƙarfin da damina ta gina ya nemi wurin nuna kansa. Nan ne fagen kokawa da na dambe suke buɗewa, kuma dukansu wasannin mutum biyu ne. Kokawa ta manoma ce. Samarin wannan ƙauye su yi wa na wancan takakka, a share fili, a kewaye, makaɗa su ɗauka. Dokarta ba ta da wuya: wanda ya kai abokin karawarsa ƙasa ya yi kaye. Amma kafin a kai ga kayen akwai dabarar kama ƙugu, da sa ƙafa, da sanin lokacin da nauyin mutum ya koma ƙafa ɗaya, kuma sau da yawa siririn da ya iya lissafi shi ke kayar da ƙato. Dambe kuwa asalinsa na mahauta ne, masu yawon garuruwa lokacin kaka. Hannu ɗaya a naɗe da zare, ɗayan a miƙe yana tsaro yana auna nisa, a yi turmi uku, wanda hannunsa ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa an kashe shi. Waƙoƙin Ɗan Anace, musamman wadda ya yi wa Shago, sun kai sunan 'yan dambe har gidajen da ba a taɓa ganin fage ba. Malamai da dama sun ƙi dambe saboda jinin da ake zubarwa da layu da surkullen da ake haɗawa da shi, kuma suna da hujja. Kokawa ba ta sha irin wannan suka ba, domin ya zo a littattafan hadisi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi kokawa da Rukana ya kayar da shi, ya kuma yi tseren gudu da Nana A'isha. A maƙwabciyarmu Nijar gwamnati ta rungumi kokawa ta mayar da ita gasar ƙasa tun 1975, ana ba zakara takobi, kuma har yau idan ana gasar kasuwa kan yi sanyi a Maraɗi da Damagaram. A namu ɓangaren an bar ta ga ƙauye da ikon Allah.

Da rani kuma ga farauta, a fita da karnuka da sanduna tun hantsi, a wuni ana ratsa daji da hawa duwatsu, abin da ƙasar Faskari ba ta rasa ba. Matasan Fulani suna da sharo, suna kuma da kiwon da ke sa yaro ya yi tafiyar wuni a bayan shanu.

Dandali kuwa shi ne makarantar jikin yara. Idan farin wata ya fito, maza su yi langa, wadda ita ce ta fi kama da wasan ƙungiya a cikin wasanninmu, duk da cewa ko ita ma tana komawa ga yadda mutum ɗaya zai iya tsayuwa a kan ƙafa ɗaya ana tunkuɗarsa. 'Yan mata su yi gaɗa, su yi 'yar gala-gala, ranar kasuwa ko ranar biki su yi rawar kalangu. A littafin da Mary Smith ta fitar a 1954, inda ta rubuta tarihin rayuwar Baba ta Karo kamar yadda tsohuwar ta ba ta labari a Giwa, can ƙasar Zazzau da ke maƙwabtaka da mu, wasannin 'yan mata da raye-rayensu sun samu wuri babba a tunaninta na ƙuruciya. Wannan ya kamata a riƙe: akwai lokacin da yarinyar ƙauye take da fili a bainar jama'a inda take tsalle da gudu da rawa har gumi ya jiƙa ta, babu mai ganin laifinta. Da damina yara maza su faɗa kududdufi da rafi su koyi iyo. Shi wannan yana da nasa farashi. Binciken cututtuka da likitocin Jami'ar Ahmadu Bello da takwarorinsu na Liverpool suka gudanar a yankin Malumfashi a shekarun 1970 ya nuna yadda tsargiya ta yi katutu a jikin yara maza masu wanka a irin waɗannan ruwaye, kuma har gobe wannan gargaɗi yana nan ga duk mai sha'awar iyo a ruwan da ba ya gudu.

A kan duk waɗannan akwai tafiyar ƙasa. Ɗan koli da kayansa a ka daga wannan kasuwa zuwa waccan, almajiri da allonsa, ɗan ci-rani, mai zuwa gaisuwar mutuwa ƙauye na uku. Da keke ya shigo, Raleigh da Hercules sannan Phoenix na ƙasar Sin, bai raba mutum da guminsa ba, nisan da yake kaiwa kawai ya ƙara masa. Malamin firamare da malamin gona da mai sayar da goro duk a kan keke suka yi zamaninsu.

Wasannin ƙungiya ta ƙofar makarantar boko suka shigo. Kwalejin Katsina, wadda aka kafa a 1921, ta koya wa ɗalibanta kurket da sauran wasannin Ingila, domin Turawan sun yi imani cewa a fili ake koyon biyayya da shugabanci. A can ne Ahmadu Bello ya kamu da son wasan Fives, wanda ake buga ƙaramar ƙwallo da tafin hannu a jikin bango, bai kuma rabu da shi ba har ya zama Firimiya. A fada kuwa Sarki Muhammadu Dikko ya kafa ƙwallon dawaki, ɗansa Sarki Usman Nagogo ya yi suna a kanta har ƙasashen waje. Amma waɗannan na birni ne da 'ya'yan manya. Wadda ta iso ƙauye ita ce ƙwallon ƙafa, kuma dalilin a fili yake: tsumma da aka dunƙule da duwatsu huɗu sun isa a fara. Shirin ba da ilimin firamare kyauta na 1976 ya kafa makaranta da fili a garuruwan da ba su taɓa samu ba. Rediyo ya kawo labarin kofin Afirka na 1980, sai nasarar 'yan ƙasa da shekara 16 a ƙasar Sin a 1985, sai zinaren Atlanta a 1996. Daga baya gidajen kallo suka buɗe da janareta da tauraron ɗan'adam, yaron Yankara ko na Ɗandume ya zama ɗan Arsenal ko ɗan Barcelona.

Ba ni da faɗa da ƙwallo. Ta haɗa unguwanni, ta raba samari da zaman banza, ta koya wa yara haƙuri da juna. Amma a duba abin da ta bari a waje. Tana buƙatar mutane da yawa a lokaci ɗaya, tana son mai sauri, tana kunyata marar iyawa a gaban jama'a. Yawancin masu buga ta suna ajiye ta da zarar sun yi aure. 'Yan mata kuwa a wannan yanki ba a taɓa buɗe musu ƙofarta ba, alhali dandalin da yake nasu ya riga ya fara mutuwa. A ƙarshe ta haifar da 'yan kallo fiye da 'yan wasa, kuma awa biyu a kan benci a gidan kallo zama ne kamar kowane zama.

A daidai wannan lokaci ne injuna suka fara karɓe aikin ƙarfi. Shirin bunƙasa noma na Funtuwa, wanda aka fara a 1975 da rancen Bankin Duniya, ya shafi gundumomin Kankara da Faskari tare da Bakori da Malumfashi da Funtuwa. Ya kawo takin zamani da ingantaccen iri da hanyoyin karkara, masara ta samu gindin zama, garmar shanu da tarakta suka rage wa garmar hannu aiki. Injin niƙa ya shiga kowace unguwa. Maganin feshi ya maye gurbin noman fari a gonaki da yawa. Sai babur, wanda daga shekarun 2000 ya yi arha ya cika ko'ina, har ta kai mutum ba ya zuwa bakin kasuwar garinsu sai ya tare ɗan acaɓa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan alheri ne. Haɗuwarsu ce ta samar da wani sabon mutum a garuruwanmu: ɗan kasuwar hatsi ko ma'aikacin ƙaramar hukuma ko matar gida, wanda yake cin tuwo irin na mai huɗa amma wuninsa a zaune. Hawan jini da ciwon suga, waɗanda da ake ce musu ciwon masu kuɗin birni, yanzu ba baƙi ba ne a asibitocin karkara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi yana buƙatar aƙalla minti 150 a mako na motsin da ke ɗaga numfashi, yaro kuma minti 60 a kullum, ta kuma ƙiyasta cewa a 2022 kashi 31 cikin 100 na manyan duniya ba sa samun hakan, mata sun fi maza yawa a ciki. Har yanzu akwai dubban manoma da 'yan ga-ruwa da masu haƙar farar ƙasa a Kankara waɗanda matsalarsu hutu ce da abinci mai gina jiki. Maganar nan ta waɗanda suka bar wancan aiki ce ba su maye shi da komai ba.

Abin da injin ya rage, rashin tsaro ya zo ya ƙwace, kuma wannan ne ɓangaren da ya fi ciwo. Kankara da Faskari da Sabuwa suna bakin dazuzzukan da suka haɗe da Zamfara da Birnin Gwari, kuma shekara da shekaru ke nan 'yan bindiga suna kai hari, suna satar shanu da mutane. Harin Kadisau a ƙaramar hukumar Faskari a watan Yunin 2020 ya ci rayuka da dama. A daren 11 ga Disamban shekarar aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Kankara, aka sako su bayan kusan mako guda. A 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta rufe hanyar Kankara zuwa Sheme ga motocin haya, ta taƙaita zirga-zirgar babura da dare, aka kuma katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da waɗannan uku. Ana lissafa asarar da aka yi da rayuka da dukiya da gonakin da aka bari, kuma haka ya dace. Akwai wata asarar da ba ta shiga lissafi. Dajin farauta ya zama wurin da ba a shiga. Hanyar ƙafa tsakanin ƙauye da ƙauye ta zama abin tsoro. Taron kokawa da dare, da kiɗa da fitila, ya zama ganganci. Uwa ba ta barin yara su fita dandali ko da wata ya yi kamar rana. Iyalan da suka gudo cikin gari suna cunkushe a ɗaki ɗaya ko biyu, manomin da ya saba wuni da fartanya yana zaune a gindin bishiya da tunani. Akwai yaran da aka haifa a wannan tsakani da ba su taɓa ganin fagen kokawa ba, kuma likitoci sun daɗe da sanin cewa jikin da ba ya motsi ya fi saurin karɓar damuwa da rashin barci.

To, me ya rage wa wanda ba ya son ƙwallo, a garin da ba a fita bayan gari yadda aka ga dama? Abin da ya rage ya fi yadda ake zato, kuma kusan dukansa gadonmu ne. Na farko tattaki a cikin gari bayan sallar asuba, idan gari ya waye mutane sun fara fitowa, minti talatin, kwana biyar a mako, shi ke nan an cika ma'aunin nan na 150. Saurin da ake so shi ne wanda mutum zai iya magana amma ba zai iya rera waƙa ba. Wanda yake jin kaɗaici ya nemi aboki ɗaya, hira tana rage nisa. Masallacin Juma'a da kasuwa da wurin aiki duk ana iya zuwansu da ƙafa ko da keke. A watannin zafi, daga Maris zuwa Mayu, a gama kafin rana ta ɗaga, da azumi kuma a bari sai an sha ruwa. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ya fara zuwa a auna shi, ya kuma fara da kaɗan.

Babban cikas a nan ba kasala ba ce, ido ne. Magidanci mai rufin asiri ba zai yi taku ɗari ba sai wani ya tsaya da babur ya ce, "Alhaji, lafiya kake tafe a ƙasa? Hau in sauke ka." Kirki ne ya sa shi tsayawa, amma a ƙarƙashinsa akwai tunanin cewa tafiyar ƙasa alamar rashi ce. Wannan tunani sabo ne, bai girmi babur ba. Ranar da aka saba ganin hakimi ko limami ko shugaban makaranta yana zaga gari da ƙafa da sassafe, kunyar za ta ragu ga kowa.

Mata su ne aka fi bari a baya, don haka su ya kamata a fi yi wa tunani. Tsakar gida fili ne. Igiyar tsalle ba ta kai kuɗin kwanon masara ba. Turmi yana nan, kuma dakan da aka yi don so na minti goma daban yake da wanda aka yi dole daga asuba zuwa hantsi. Rawa a ɗaki tsakanin mata da 'ya'yansu ba ta saɓa wa kowa ba. Zuwa Islamiyya ko gidan suna da ƙafa, a cikin rukuni, motsa jiki ne cikakke. Mai ciki ma ana son ta riƙa tattaki matuƙar ma'aikatan awo ba su hana ta ba. Makarantun Islamiyya da na 'yan mata suna da harabar da ke kewaye da katanga, wadda ke zama ba kowa awanni da yawa a mako. Ware awa ɗaya a cikinta don mata su zaga, su yi gaɗa, su yi tsalle, ba ya buƙatar kasafin kuɗi, izinin shugabannin makarantar da goyon bayan mazaje kawai yake nema.

Ga samari kuwa, ina ganin lokaci ya yi da za a dawo da kokawa cikin gari, da rana tsaka, a filin da jami'an tsaro suka sani. Ƙananan hukumomin nan uku suna iya sa gasar kokawa da tseren gudu da na keke a gefen gasar ƙwallon da aka saba, malaman wasanni a firamare kuma su daina miƙa wa yara ƙwallo ɗaya su koma inuwa, su koya musu gudu da tsalle da langa yadda kowane yaro zai samu abin da jikinsa ya iya. Fagen kokawa tifar yashi yake buƙata da alƙali da makaɗi, kuma tsofaffin 'yan kokawar da suka san dokokinta da dabarunta suna nan da ransu a Ketare da Daudawa da Sabuwa, da yawansu ma gudun hijira ya kawo su cikin gari inda samarin suke.